Amsa: Yaushe cocin Katolika ya kafu a Sakkwato?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda cocin Katolika ya zo yankinmu, da abin da mutum zai gani idan ya shiga ciki.

A 1953 Fadar Vatikan ta yanke yankin Sakkwato daga na Kaduna, ta damƙa shi ga limaman ɗarikar Dominikan da suka zo daga Amurka. A 1964 ya zama cikakkiyar dayosis, wato yankin coci da ke ƙarƙashin bishop, Edward Lawton ne bishop na farko. Bayansa Michael Dempsey da Kevin Aje suka riƙe, sai Matthew Hassan Kukah tun 2011. Babban cocinsu shi ne Holy Family a cikin birnin Sakkwato.

Ni dai cocin ƙananan garuruwa ya fi burge ni. Ginin bulo ne da rufin kwano mai tsayi, tagogi a buɗe dama da hagu saboda zafin bazara. Kana shiga idonka zai sauka kan bagade, gicciye a samansa, ga jar fitila tana ci kusa da akwatin gurasar tarayya. A bango kuma hotuna 14 ne jere, masu nuna tafiyar Yesu zuwa gicciye. In za ka je, fara neman izinin Fada, wato limamin cocin.