Amsa ga Yaya: zamanmu a ƙauyen Jawa

Yaya, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Saƙonka ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe. Tambayoyin da ka jero ba kai kaɗai ke yin su ba, kusan duk wanda na gaisa da shi daga gida sai ya ɓullo da su ta wata hanya, shi ya sa na ga gara in amsa a rubuce kowa ya gani. An gaya maka wai na tare a ƙauye, a gidan mata, a gindin dutse mai aman wuta, kuma 'ya'yana ba sa jin Hausa. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma ƙari.

Mu Hausawan Indunusiya ba mu da yawa. Ba mu da zango irin na Kumasi ko Nima, ba mu da sarkin Hausawa. Mafi yawanmu kasuwar Tanah Abang ta Jakarta ce ta kawo mu, muna sayen yadi da tufafi muna turawa Kantin Kwari. Da kayan Sin suka karya farashi, da yawa suka koma Guangzhou ko gida, 'yan kaɗan da suka riga suka yi aure muka zauna. Sai kuma ɗalibai da ke zuwa jami'o'in Yogyakarta da Malang, su gama su tafi. A waya muke haɗuwa, sai in Sallah ta zo wanda ya samu hali ya je Jakarta.

Ƙauyenmu yana kusa da garin Muntilan, cikin yankin Magelang a Jawa ta Tsakiya. Kada ka ji an ce ƙauye ka ɗauka irin wanda ka sani ne. Tsibirin Jawa shi kaɗai yana ɗauke da mutum sama da miliyan 150, fiye da rabin al'ummar ƙasar, saboda haka babu dajin Allah tsakanin wannan ƙauye da wancan, gonar shinkafa ce kawai ta raba su. Akwai wuta, akwai kwalta har ƙofar gida, rufin gidaje na jan yumɓu ne. Ruwa yana gangarowa daga dutse ta magudanai rani da damina, ana girbin shinkafa sau biyu ko uku a shekara. Amma gonakin ƙanana ne ƙwarai. Wadda surukina ya ciyar da iyalinsa da ita, a wajenmu fegi za a kira ta. Kasuwa kuma tana ci ne bisa makonsu na kwana biyar: Legi, Pahing, Pon, Wage, Kliwon.

Maganar gida ita ta fi yi mini ciwo, don na san abin da ake faɗa a bayana, har da mijin hajiya. Gidan da guminmu aka gina shi, ni da matata, amma takardar filin sunanta take ɗauke da shi, kuma ba wayo aka yi mini ba. Dokar ƙasa ta 1960 ta ce cikakkiyar mallakar fili, wadda suke kira hak milik, ta ɗan ƙasa ce kawai. Baƙo iyakarsa izinin amfani na wasu shekaru, shi ma da sharuɗɗa. Abin bai tsaya nan ba. A dokarsu dukiyar da ma'aurata suka samu bayan aure ta haɗaka ce, don haka 'yar ƙasa da ta auri baƙo ita ma ba ta iya sayen fili da cikakkiyar mallaka, sai in tun kafin ɗaurin aure sun yi yarjejeniyar raba dukiya a rubuce. Wane Bahaushe ne ya san wannan a lokacin? Iyalai da yawa sun sha wuya a kai, har sai da Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci a 2016 cewa ana iya yin yarjejeniyar ko bayan aure. Bayan nan ne muka je wajen mai hatimin shaida muka sa hannu, aka fitar mata da takarda daga ofishin filaye. Kuma in Allah ya ɗauki ranta kafin nawa, doka ta ba baƙon da ya gaji irin wannan fili shekara guda ya sayar ko ya miƙa wa ɗan ƙasa. Ina kwana da sanin wannan, ba na ɓoye maka.

Batun tarewa kusa da dangin mata kuwa, a nan ba abin gori ba ne. Jawawa da yawa haka suke yi, miji ya zauna a ɓangaren iyayen matarsa, musamman in ita ce za ta riƙe tsofaffi. Mace ce ke riƙe kuɗin cefane, ita ce a kasuwa, ita ce a dashen shinkafa. Babu kulle. Na ga ka ɗaga murya a wannan wurin, amma Yaya, matar nan ta sauke Alƙur'ani a makarantar kwana ta malamai tun tana budurwa, kuma ban taɓa tashinta sallar Asuba ba. Aurenmu da waliyyi da shaidu da sadaki aka ɗaura shi, a gaban jami'in ofishin harkokin addini, aka ba kowa ɗan littafinsa na aure. Shawarar da Gwaggo ke aikowa, cewa in ƙara da 'yar gida ko na dawo hayyacina, ku gaya mata a hankali: dokar aure ta 1974 ta sa sai kotun addini ta ba da izini, kuma sai uwargida ta yarda. Ban da haka ma, ban rasa komai ba a wajen wannan baiwar Allah da zai sa a riƙa magana a kanta kamar wata lalura da ta same ni.

Ka tuna labarin da Inna ke ba mu na kakanmu da ya tafi fataucin goro Gwanja? Ya yi shekaru a Salaga, ya auri 'yar can, ya dawo da 'ya'ya biyu da ba sa jin ko zo in kashe ka. Ɗaya daga cikinsu shi ne Baffa da ya ja mu salla muna yara, kuma ban taɓa jin wani ya tambayi ko shi cikakken Bahaushe ne ba. Inna takan ce ranar da aka kawo su, kaka ta dama musu fura suka ƙi sha, ta zauna ta yi ta kuka. Nakan tuna wannan duk lokacin da na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, yaran nan suka ɗan taɓa don kada raina ya ɓaci, suka koma kan soyayyen tempe, wani abincinsu na waken soya. Abincin Jawawa akwai zaƙi, har miya sukarin kwakwa suke sa mata, kuma har yau harshena bai gama sabawa ba.

Addini ba sai na yi dogon bayani ba, mutanen nan 'yan Shafi'iyya ne. Suna bayyana Bisimilla a salla, suna ƙunutin Asuba da ƙarfi, ana buga wani babban tambari a masallaci kafin kiran salla. Da suka ga ina sakin hannu, liman ya tambaye ni sau ɗaya, na ce Malikiyya, ya ce ya karanta, shi ke nan. In an yi rasuwa ana taruwa a yi tahlili a kwana uku, bakwai, arba'in, ɗari, har dubu. Mutanen ƙungiyar Nahdlatul Ulama, wadda aka kafa a 1926, suna yi. 'Yan ƙungiyar Muhammadiyya, wadda Ahmad Dahlan ya kafa a Yogyakarta a 1912, ba sa yi. Muhawarar dai ita ce wadda muka baro a gida, sai dai a nan ban ga ta hana wani ɗaukar makarar wani ba. Akwai 'yan abubuwan gargajiya na ajiye furanni da turare a wasu wurare da ba na shiga, kuma ba wanda ya taɓa tilasta ni.

Kunyarsu ce ta sa na ji ban yi nisa da gida ba. Yaro ba ya wuce babba a miƙe, sai ya sunkuya ya sauke hannu ɗaya ƙasa. Harshen da ake yi wa dattijo magana da shi daban yake da na tsara. Ranar Sallah ƙarama kowa yana durƙusawa gaban iyayensa ya kifa fuska a gwiwarsu ya nemi gafara. Ranar da na fara yi wa surukata haka, Inna na tuna, na kasa magana.

Ka yi tambaya a kan tsaro, na kuma san dalili, don ina jin abin da ke faruwa a hanyoyinmu, Allah ya kawo mana sauƙi. A nan babu mai tare hanya da bindiga, ba a sace mutum don kuɗin fansa. Kowace unguwa ta gidaje 'yan gomomi tana da shugabanta, kuma baƙon da zai kwana sai an kai masa rahoto cikin awa 24. Da dare magidanta ke yin sintiri bi da bi, suna kiransa ronda. Ni ma ina da darena. Muna zama a wata 'yar rumfa a bakin hanya, da shayi da dafaffen rogo, ga wani icce mai rami a rataye wanda ake bugawa, kowane irin bugu da ma'anarsa: na lafiya lau, na ɓarawo, na gobara, na mutuwa. Tsakar dare sai mu zaga. A ƙofar kowane gida akwai ɗan gwangwani da aka rataye, matar gida ta zuba cokalin shinkafa ko tsabar rupiya 500, mu kwashe. Da shi ake sayen ƙwan fitilar titi, da shi ake taimakon wanda aka kwantar a asibiti. Gidan da gwangwaninsa ya kwana biyu babu komai, sai an ƙwanƙwasa an ji ko lafiya. Satar babur da kaji akwai ta, kuma in aka kama ɓarawo wani lokaci jama'a kan yi masa dukan kawo wuƙa kafin 'yan sanda su iso. Wannan ba na goyon bayansa, na kuma faɗa a taron unguwa.

Abin tsoro na gaske shi ne Merapi, dutsen nan mai aman wuta. A ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamban 2010 ya yi aman da ya kashe sama da mutum 300, cikinsu har da Mbah Maridjan, dattijon da fadar Yogyakarta ta ɗora wa kula da dutsen, wanda ya ƙi sauka. An kwashe mutum fiye da 300,000. Toka ta rufe Muntilan, rana tsaka sai da fitila, ganyen kwakwa yana karyewa saboda nauyinta, gonakin salak, wani kayan marmari nasu, suka kwanta. Da ruwa ya sauko kuma, sai kogin Putih ya taho da yashi da duwatsu manya ya datse babbar hanyar Magelang zuwa Yogyakarta. A makarantar da aka tsugunar da mu, wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta karɓi jaririyarmu ta goya, ta ce uwar ta samu ta runtsa. Da aka koma, unguwa ta bi gida gida ana kankare rufi, ba a tsallake nawa ba. Kuma tokar nan ita ce takin da ya sa ba mai iya barin wurin.

Akwai wani ciwon da ba na son a wuce shi. A Afrilun 2015 an harbe mutum takwas a tsibirin Nusakambangan kan fataucin ƙwaya, huɗu 'yan Najeriya ne. Tun kafin nan ma koren fasfo yana jawo kallo, bayan nan abin ya ƙaru. A birni na sha tsayuwa ana juya takarduna. Yarana sun sha dawowa daga makaranta da hawaye saboda an tsokane su a kan fata da gashi. Amma ranar da wasu jami'ai suka zo ƙauye bincike, shugaban unguwarmu ne ya saka hularsa ya zo ya zauna a tabarmata, ya ce wannan namu ne, da shi muke sintiri, da shi muke haƙa kabari. To ka ga dalilin da ya sa in an ce mutanen nan ba su da amana raina ke ɓaci.

Wuraren kallo kuwa, Borobudur ba ta kai tafiyar rabin awa a babur ba. Ginin mabiya Buddha ne na ƙarni na 9, duk da dutse, hawa bisa hawa, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991. Kusan duk masu saye da sayarwa a kewayensa Musulmi ne, ba kuma bauta ke kai mu ba, kafin wani ya ɗauki wannan ma ya yaɗa. Ni abin da ya fi burge ni shi ne fitowa daga sallar Asuba in ga duwatsun Merapi da Merbabu a gabas, dutsen Sumbing a ɗaya ɓangaren, da masassaƙan dutse na bakin hanyar Muntilan masu yin turmin niƙa yaji. Zan aiko wa Yaya Babba da guda.

Saura maganar Hausa a bakin yara. Suna gaisuwa, suna jin aike, babban yana iya hira in an bi shi a hankali, ƙananan ba su kai nan ba. Mutum ɗaya ba ya riƙe harshe a gari guda. Amma ku ma, Yaya, in na miƙa musu waya suka yi kuskure sai a kwashe da dariya, ana kiran wasu su zo su ji, daga nan yaro ba ya sake yarda ya karɓa. Don Allah a daina.

Dokar 2006 ta ba 'ya'yan irin aurenmu damar riƙe ƙasa biyu har shekara 18, sannan su zaɓi ɗaya kafin su wuce 21. Babban ya kusa kai wa. In ya zaɓi Indunusiya, shi zai iya riƙe gidan nan da filin uwarsa; in ya zaɓi Najeriya, ya zama baƙo a garin da aka haife shi, kamar ubansa. Ba na son ya yanke bai ga gida da idonsa ba. Ina so in turo maka shi bayan ya gama sakandare, ya yi ko wata shida ne a hannunka, ya zauna a shago, ya je makarantar dare, a kai shi ya ga kabarin Inna. Kason da ya faɗo mini a gidan gado kuma a dakata da maganar sayar da shi har ya zo. In ka amince, ka sanar da ni kafin azumi don in fara neman kuɗin jirgi. A gaida Gwaggo da yara duka.