Rim ɗin alminiyon ya yi fari ya ɓuɓɓule: ana iya dawo da shi yadda ya fito daga kamfani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kan DAF ɗan Beljiyam, ya zo da rim na alminiyon. Albasa nake ɗauka daga Aliero da Jega zuwa Legas, in dawo da taki ko gishiri. Da na sayi motar rim ɗin na ƙyalli, yanzu duk sun yi wani farin gari, wasu har da ƙananan ramuka. Yaran wanki suna sa musu soda da Omo, ran da suka ƙi fita su ɗiga ruwan batir. In an wanke sai su yi haske, bayan kwana biyu su fi da muni. Wani mai fenti ya ce a kankare da giranda a fesa silba. Mene ne gaskiyar gyaran? Daga wani mai mota a Jega, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mafi yawan irin waɗannan rim suna gyaruwa, kuma ba sai an kai su Kano ko Legas ba. Amma tun yau ka hana yaran nan kusantar su da soda da ruwan batir, kuma kada ka bari giranda ta taɓa su.

Alminiyon ba ya yin jar tsatsa irin ta ƙarfe. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ce ke kare shi. Soda tana narkar da wannan fata, ta ci naman ƙarfen da ke ƙarƙashinta, kamar dai yadda kanwa ke cin tukunyar alminiyon idan aka bar ta ta kwana a ciki. Hasken da kake gani bayan wanki ba tsafta ba ce, sabon ƙarfe ne da aka tone, fuskarsa ta yi kaushi, shi ya sa bayan kwana biyu yake komawa fari fiye da da. Ruwan batir ma ɓarna yake yi ta tasa hanyar. Akwai kuma wani ruwan haskaka alminiyon da ake sayarwa a jarka, wasu nau'o'insa na ɗauke da asid mai suna haidrofulorik, wanda ke ratsa fatar mutum ya kai ga ƙashi tun kafin a ji zafin ƙunar. Yaran da ke wanki da hannu tsirara nake tausaya wa a nan fiye da rim ɗin.

Sai kuma kayan da kake ɗauka. Gishiri shi ne babban mai haƙa waɗannan ramuka, taki na bin bayansa. Buhu ya yage a wurin lodi, garin ya zuba, ruwan damina ya kwaso shi ya zaunar a kwarin rim tare da laka, mota ta yi kwanaki a layi cikin iskar teku ta Apapa. Masu ɗaukar shanu da masu siminti ma haka nasu ke yi.

Kafin a yi zancen kyau, a fara da lafiyar rim ɗin, domin a nan ne rayuka suke. A sace iskar taya gaba ɗaya, a cire allurar bawul, sannan a kwance noti. Mai faci ya raba taya da rim, a wanke da ruwa da sabulun wanke kwano, a shanya. Ka zauna da kanka a cikin rana ka duba tsakanin ramin noti da ramin noti, da gefen manyan ramukan iska, da kewayen ramin bawul. Tsagewar alminiyon siririya ce, takan ɓuya a ƙarƙashin datti. Akwai tsohuwar dabara mai arha: a shafa kananzir a bar shi ya jiƙa, a goge tas, a shafa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya maƙale a ciki zai fito ya zana layi a kan allin. Ka duba ko ramin noti ya buɗe ya zama kamar ƙwai maimakon da'ira, alamar an yi tafiya da noti sako-sako. Ka bi bakin rim da yatsa, inda gefen taya ke gogawa. Lodi fiye da ƙima kan cinye wurin har ya yi kaifi ya riƙa yankar taya. Ka duba mazaunin bakin taya daga ciki, domin in ramuka sun yi zurfi a nan, iska za ta riƙa sulalewa komai kyawun fuska.

Zafi ma abin tambaya ne. Irin waɗannan rim ana matsa su ne daga dunƙulen alminiyon sannan a gasa su a ba su ƙarfi, shi ya sa suke ɗaukar lodi alhali nauyinsu kusan rabin na ƙarfe ne. Kamfanin da ke ƙera rim masu suna Alcoa ya ce duk wanda zafi ya kai shi sama da digiri 204 a ma'aunin Salshiyos a cire shi daga aiki. Birki ya kama har taya ta yi hayaƙi, ko bodi ya ƙone, ko wani ya hura wa noti wutar gas don ya kwance, duk suna iya kai shi nan. Alminiyon ba ya yin ja ya gargaɗe ka, sai dai ya yi laushi a ɓoye. Saboda haka rim da ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko ya sha wuta, ba na gyara ba ne. Ba a yi masa walda, ba a buga shi da guduma a miƙe. A sayar wa masu narka tukwane, ya fi alheri a can da a ce ya fashe da lodin albasa a gangaren Jebba.

Waɗanda suka tsallake, sai a gano wace irin fuska ce da su, domin ba duka ake gogewa ba. Ka ɗiga man goge ƙarfe, irin Autosol, a farin tsumma ka murza a wani lungu. In tsumman ya yi baƙi ƙirin, alminiyon ne tsirara, aikinsa kai tsaye ne. In bai yi baƙi ba, akwai rufi a kai. Wani rufin fenti ne garai-garai, za ka gane shi da ɓarewa da wasu fararen layuka masu lanƙwasa da ke tafiya a ƙarƙashinsa. Wannan ana cire shi da maganin cire fenti da abin kankara na roba. Wani kuma aikin kamfani ne da ke shiga jikin ƙarfen, wanda Alcoa ke kira Dura-Bright, yawanci sunan na nan a tambarin da ke manne a rim ɗin. In nasa bai lalace ba, ruwa da sabulu kawai yake so, samfefa ɓata shi za ta yi. In kuwa soda ta riga ta cinye shi, babu garejin da zai mayar. Sai dai a goge shi ya koma tsirara, ka riƙa kula da shi kamar sauran.

Yanzu aikin samfefa, wanda shi ne kusan dukan wahalar. Samfefar ruwa ake so, irin ta masu fentin mota. Ka jiƙa ta a bokiti da ɗan digon sabulu, ka naɗe ta a guntun roba mai laushi don kada yatsu su bar kwari. A fara da mafi laushin da zai iya aikin. Lamba ce ke nuna laushin samfefa, babbar lamba ta fi laushi. In farin gari ne kawai, lamba 400 ta isa. In akwai ramuka, a fara da 320, sai wurin ya yi muni ƙwarai a sauka 220. Daga lambar da aka fara a hau bi da bi, 320, 400, 600, 800, 1000, kada a tsallake ko ɗaya. Duk lokacin da aka canja lamba a canja hannu: in ka bi da'irar rim da ta farko, ta biyu ka gicciye ta. Ta haka za ka ga ko zanen ta baya ya gama ɓacewa. Ruwa zai riƙa gangarowa toka-toka, ka ɗauraye, ka goge da tsumma, ka karkata rim ɗin ga rana. Muddin kana ganin zane ɗaya mai gicciye, ba ka gama da wannan lambar ba. Mai gaggawa a nan yake faɗuwa, domin zanen 320 da aka bari ba ya fita da man gogewa, ƙara fitowa fili yake yi.

Rami mai zurfi kuwa kada a bi shi har gindi. Duk abin da samfefa ta ɗauka nama ne da ba ya dawowa, kuma in aka tsaya wuri ɗaya ana haƙa sai a bar kwari da ya fi ramin muni. A tsabtace cikinsa, a lallashe bakinsa, a wuce. Ɗigo biyu uku da sai an sunkuya ake gani ba aibi ba ne ga rim mai shekaru. Wannan ne dalilin da na ƙi giranda, a daƙiƙa kaɗan take cin abin da hannu zai yi awa bai ci ba. Burushin waya da soson ƙarfe su ma a ajiye su, suna barin ɓurɓushin ƙarfe a jikin alminiyon, damina na zuwa ka ga jajayen ɗigo. Fuskar da ke kwanciya a kan hob, wato ƙarfen bakin aksil da ake ɗaure rim a kansa, da mazaunin noti, da wurin da aka buga lambobin rim, tsabtacewa kawai ake musu, ba a rage su.

Ka ce kana son yadda ya fito daga kamfani. Da yawa daga cikin rim ɗin motocin Turai ba madubi suke fitowa ba, haske ne mai sanyi da siraran layuka masu bin da'ira. In irin wannan ne naka, ka tsaya a 800 ko 1000, ka ɗora rim ɗin a tsohon hob, yaro na juya shi da hannu kai kana riƙe da soson Scotch-Brite mai ruwan toka. Da hannu na ce, ba a ɗage mota a jak a sa giya ba. Ni wannan fuskar na fi so wa motar da ke bin hanyar Yauri da Kontagora, ta fi ɓoye ƙura da ƙarce. In madubi kake so, ka ci gaba zuwa 1500 da 2000, sannan injin gogewa mai faifan yadi da sandar man gogewa: mai launin ruwan ƙasa da farko, fara ko kore a ƙarshe, kowace da nata faifan. Kada injin ya tsaya wuri ɗaya, in ƙarfen ya fi ƙarfin tafin hannunka a dakata ya huce. Baƙin da ya rage a lunguna, ɗan garin fulawa a busasshen tsumma yana kwashe shi. Mai aikin ya sa takunkumi da tabarau. In babu inji, Autosol da tsumman auduga suna yi, sai dai rim ɗaya zai iya cin yini.

Shawarar mai fenti ba a yar da ita gaba ɗaya ba. Rim mai lafiya wanda ramukan fuskarsa suka yi yawa, silba na rufa masa asiri. Amma a shirya shi da samfefa, a fara da firama, wato fentin shimfiɗa, wadda aka yi don alminiyon, in ba haka ba fentin zai ɓare cikin watanni. Kada fenti ya hau fuskar hob ko mazaunin noti, domin in ya murƙushe noti zai saki.

Wurin mayarwa, a kankare tsatsar hob da ta durom ɗin birki, domin inda alminiyon ya haɗu da ƙarfe ga damshi, alminiyon ne ke ciwuwa. In a ƙafafun baya kana haɗa rim na ƙarfe a ciki da na alminiyon a waje, akwai siririn faifan roba da ake sawa tsakaninsu. Bawul ma a sa irin wanda aka yi don rim ɗin alminiyon, mai rufin nikel, na tagulla tsirara yana cin bakin ramin. Giris kaɗan a kan haƙoran hob da rim ke zama a kai, ɗigon mai a zaren bol, amma fuskokin da ke haɗuwa su zauna a bushe. A ɗaure noti a gicciye da sifana mai awo. Yawancin manyan motoci masu noti goma suna tsakanin 600 da 700 a ma'aunin Nm, wato awon ƙarfin ɗaurin noti, ka bi abin da littafin motarka ya ce. Dogon bututu da yaron mota ke hawa yana tsalle miƙar da bol yake yi. In ka tashi daga Jega da lodi, ka tsaya a Koko a sake bin notin duka.

Daga nan sai kulawa, domin alminiyon tsirara zai dusashe in aka bar shi. A shafa masa kakin mota bayan an gama, a maimaita kamar wata-wata. Duk ranar da aka sauke gishiri ko taki a watsa wa ƙafafun ruwa mai yawa tun kafin a kwana, har cikin kwarin rim na baya. A bari birki ya huce kafin wanki. Lokacin hunturu kada yaro ya share ƙura da busasshen tsumma, yashi ne a ciki, ya fara zuba ruwa. Sabulun wanke mota ko na kwano da soso mai laushi sun isa, kuma ya fi kyau ka saya ka ajiye a mota ka miƙa wa masu wanki da hannunka.