Hukuncin Sana'ar Zana Bangon Albam da Kuɗin da Ake Samu da Ita

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, ni mai zane ne a kwamfuta, kuma yawancin abincina daga zana bangon albam yake fitowa. Mawaƙi yakan turo mini hotonsa da sunan albam, in gyara hoton, in tsara rubutu da launi, wani lokaci kuma in zana fuskarsa da hannuna. Masu ba ni aiki sun haɗa da mawaƙan zamani, da masu yabon Annabi, da mahaddata, da masu wa'azi. Na ji hadisin azabar masu yin hoto, hankalina ya tashi. Shin sana'ata halal ce? Yaya kuma zan yi da kuɗin da na riga na ci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi maka albarka, ɗan'uwa, da ka damu da abin da kake ci. Sana'ar zane a karan kanta halal ce, sai dai ba a yi wa ayyukanka hukunci ɗaya a dunƙule. Kowane bango da nasa hukuncin, gwargwadon abin da ke cikin faifan, da abin da ka ɗora a kan bangon, da yadda kuka ƙulla ciniki. Kai hoto ne ya tayar maka da hankali, ni kuwa abin da ke cikin faifan ya fi mini nauyi, don haka da shi zan fara.

Bango talla ne, kuma tun asali don haka aka yi shi. Kafin wajen 1940 galibi a cikin kwali marar ado ake sayar da faifan garmaho, sai Alex Steinweiss, mai kula da zane a kamfanin Columbia Records na Amurka, ya fara yi wa kowane albam zanensa domin ya ja idon mai saye. Har yau aikin bangon ke nan, ko da yake yanzu a fuskar waya ake ganinsa. Wanda ya tallata abu ya taimaka wajen yaɗa shi, Allah kuwa Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 2: "Ku taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka." Daga nan malamai suka ce hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi, shi ya sa jumhur, wato mafi yawan malamai, suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi, alhali inabin halal ne.

To bangon karatun Alƙur'ani, da wa'azi, da darasi, da waƙa mai tsabtar ma'ana wadda ba kayan kiɗa a cikinta, duk halal ne, har da lada idan ka kyautata niyya. Faifan da ke cike da batsa, ko kambama giya da ƙwaya, ko cin mutuncin mutane, ko izgili ga addini, ko kiran wanin Allah, yi masa bango haramun ne babu saɓani, ko da haruffa zalla ka rubuta a kan farar takarda. Waƙar yabo ma ka saurare ta da kyau, domin Annabi (SAW) da kansa ya hana a wuce gona da iri wajen yabonsa kamar yadda Nasara suka yi wa ɗan Maryam.

A tsakiya akwai waƙa mai tsabtar kalmomi amma da kayan kiɗa. Abin da ya shahara a mazhabobi huɗu shi ne haramcin kayan kiɗa in ban da mandiri a wuraren da aka yi rangwame, hujjarsu hadisin da ke cikin Bukhari cewa za a sami wasu mutane cikin al'umma da za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Ibnu Hazm ya soki hadisin ya halatta, wasu malaman zamani sun bi shi, amma malaman hadisi irin su Ibnus Salah da Ibnu Hajar sun tabbatar da ingancinsa. Abin da nake ba ka fatawa da shi shi ne ka bar wannan kason. Duk da haka ba na ajiye shi a ma'auni ɗaya da faifan batsa, domin wancan an haɗu a kansa, wannan kuwa an yi saɓani. Idan barin komai lokaci guda zai jefa iyalinka cikin ƙunci, ka yanke kason batsa yau ɗin nan, ka riƙa janye hannu daga na tsakiya kana faɗaɗa na halal.

Wannan yana nufin ba za ka karɓi aiki ba sai ka saurari waƙoƙin ko an turo maka baitocin. Mai zane na ƙwarai dama haka yake yi, don daga sautin yake samo launi da yanayin bangon. Idan ka bincika iya ƙoƙarinka aka ɓoye maka wani abu, laifin yana wuyan wanda ya ɓoye.

Sai maganar hoto. Hadisin da ka ji ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Ibnu Mas'ud: mafi tsananin azaba ranar ƙiyama su ne masu yin siffofi. Kuma irin tambayarka an taɓa yi wa Ibnu Abbas. Wani mutum ya zo ya ce masa da aikin hannunsa yake ci, waɗannan siffofin yake yi. Ibnu Abbas ya gaya masa hadisin cewa wanda ya yi siffa za a azabtar da shi har sai ya busa mata rai, kuma ba zai iya ba. Numfashin mutumin ya sarƙe, fuskarsa ta canza, sai Ibnu Abbas ya ce masa: in ka ƙi sai ka yi, to ga bishiyar nan, da duk abin da ba shi da rai. Bai ce masa ya bar sana'ar ba, ya nuna masa inda zai karkatar da ita. Saboda haka bishiya, duwatsu, teku, gine-gine, taurari, zayyana da ƙawataccen rubutu duk babu komai a kansu.

Zanen mai rai da hannu a kan abu shimfiɗaɗɗe nan ne malamai suka rabu. Shafi'iyya da Hanafiyya da Hambaliyya sun haramta shi, Imam Nawawi ma ya ce babu bambanci tsakanin mai inuwa da marar inuwa, suna kafa hujja da labulen Nana A'isha mai siffofi wanda Annabi (SAW) ya yage. Malikiyya kuwa sun ce haramci yana tabbata ne idan siffar mai rai ce, tana da inuwa kamar mutum-mutumi, kuma gaɓoɓinta cikakku ne. Marar inuwa makaruhi ne a wurinsu idan an ɗaukaka shi, idan kuwa a abin da ake takawa ne barinsa ya fi. Sun dogara da togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha, "sai dai zane a jikin tufa". Zanen alƙalamin kwamfuta da zanen fenti hukuncinsu ɗaya, tunda hannunka ne ke ƙago siffar. Haka abin da ka umarci manhajar ƙirƙirarriyar basira ta fitar maka, kai ka nema, kai ka zaɓa, ba za a jingina shi ga na'ura ba.

Abin da ya fi maka aminci shi ne ka bar zana cikakkiyar fuska, ka fita daga saɓanin. Hanyoyin suna da yawa: inuwar mutum baƙa ƙirin ba ido ba hanci, mutum ya ba da baya, hannu kaɗai riƙe da makirufo, ko kan da aka shafe kamanninsa. Asalin wannan shi ne umarnin Mala'ika Jibrilu a hadisin Abu Dawud da Tirmizi cewa a cire kan siffar ta koma kamar bishiya. Ka lura, zana siririn layi a wuya ba cire kai ba ne, fuskar tana nan yadda take. Ibnu Ƙudama ya ce idan aka cire abin da rai ba ya wanzuwa sai da shi, kamar ƙirji ko ciki, siffar ta fita daga hanin, wasu kuma suka ce muddin fuska tana nan hukuncin yana nan. Kada ka ɗauka wannan zai kashe maka kasuwa. Reid Miles, mai zanen da ya yi wa kamfanin faya-fayan kiɗa na Blue Note a Amurka ɗaruruwan banguna daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa na 1960, da manyan haruffa da launi ɗaya ko biyu ya gina da yawa daga cikinsu, kuma har yau ana koyi da tsarinsa. Dabarar zanensa nake nuna maka, ban ce kiɗan ba. A waya ma, inda bango yake komawa ɗan mitsitsi, babban harafi da siffa ɗaya bayyananniya sun fi fitowa a kan zane mai tarkace.

Hoton kyamara daban ne. Shaikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya halatta shi da hujjar cewa tsare inuwar halittar Allah ne, ba ƙago siffa ba. Shaikh Ibnu Usaimin ma bai sa shi cikin hadisin ba, ya ce hukuncinsa yana bin manufarsa. Shaikh Ibnu Baz da Shaikh Albani sun hana sai da lalura ko buƙata. Na rinjayar da halacci idan abin da aka ɗauka halal ne a kalla. Daidaita haske, gyara launi, datse gefe da cire bayan hoto ba su canza hukuncin. Amma idan ka shiga rage hanci, ƙara ƙugu, sake fasalin fuska, ka bar hoto ka koma ƙago siffa.

Akwai abubuwan da saɓanin hoto bai shafe su ba sam. Tsiraici da bayyana adon mace don jan mai saye haramun ne ko da kyamara ko da alƙalami. Haka gicciye, gunki, alamun tsafi, da siffanta wani annabi. Ayar Alƙur'ani kuma ka guji sa ta a bangon da za a buga, don kwali yana yagewa a jefar, a taka; sunan sura da na makaranci sun wadatar. In dole sai an sa, ka kwafo daga ingantaccen mushafi ka sa mahaddaci ya duba, domin manhajar da ba a kunna mata tsarin Larabci ba takan rarraba haruffa ta jera su daga hagu zuwa dama, wani nau'in rubutun kuma yakan zubar da wasali ko ya gusar da shi daga kan harafinsa.

Cinikinku jinga ce, wato ijara, kuma sharaɗinta a san aikin, a san ladan, a san wa'adin. Yawancin rigimar wannan sana'a daga barin waɗannan a duhu take tasowa. Ku rubuta ko bangon na intanet ne ko na bugawa. Na intanet murabba'i ne, galibi fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto a allo) 3000 tsawo 3000 faɗi, a tsarin launin allo na RGB. Na bugawa yana son tsarin launin tawadar bugu na CMYK, da ɗigo 300 a kowane inci, da rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar maɗaba'a ba ta faɗawa daidai kan layi, in babu rarar sai farin zare ya fito a bakin kwalin. Takardar gaban faifan CD wajen santimita 12 ce kowane gefe, bangon babban faifai kuwa ya ɗan haura santimita 31. Shuɗi da kore masu ƙyalli a allo sukan dushe idan aka mayar da su CMYK, don haka ka nuna wa mai aikin gwajin bugu kafin a buga dubu. Idan ya turo maka ƙaramin hoto da manhajar hira ta matse, ka gaya masa zai fashe in an faɗaɗa. Ka yi shiru ka miƙa masa abin da ka san kamfanin rarraba waƙoƙi zai dawo da shi saboda dishi-dishi, ko saboda sunan da ke bangon bai dace da wanda aka yi rajista da shi ba, wannan algus ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ku ƙayyade sau nawa za a yi gyara, da ko asalin fayil ɗin zanen, wanda ake iya sake gyarawa, yana cikin kuɗin.

Kafin alƙalami halal ne idan ɓangare ne na ladan. Sharaɗin cewa ka cinye shi in mai aikin ya fasa ko ba ka taɓa aikin ba, Malikiyya da jumhur sun hana, Hambaliyya sun halatta. Mafi tsabta ka cire daidai wahalar da ka yi ka mayar masa da saura. Hoton wani, zanen wani, da nau'in haruffan da ake sayar da lasisinsu, ba a ɗaukar su ba izini. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin mallakar fasaha dukiya ce da shari'a ke karewa. Wannan kariyar kai ma ta shafe ka: wanda ya biya kuɗin bango kawai ba shi da ikon buga zanenka a riguna ya sayar sai in kun yi sharaɗin haka.

Kuɗin baya kuwa, abin da ka samu daga ayyukan halal naka ne, haka abin da ka samu a mas'alar saɓani kana bin maganar malamin da ya halatta. Wanda ka samu daga aikin haram ba ka san hukuncinsa ba, ina fatan tuba ta wadatar, bisa faɗin Allah a Suratul Baƙara, aya ta 275, cewa wanda wa'azi ya zo masa daga Ubangijinsa ya hanu, abin da ya wuce nasa ne. Wanda ka karɓa kana sane da haramcinsa, ba za ka mayar wa mawaƙin ba, tunda ya riga ya amfana da aikin. Ka ƙiyasta adadinsa ka bayar ga mabuƙata, kuma idan kai kanka mabuƙaci ne ka riƙe gwargwadon buƙatarka. Bangunan tsiraici da ka jera a shafinka don nuna gwaninta ka sauke su, wannan yana hannunka. Waɗanda suka riga suka bazu a hannun masu su ba a ɗora maka bin su ba.

Allah ne Mafi sani.