Tambaya da Amsa: Canza Furosesar Kwamfutar Hannu da Ƙara Mata Gudu a Zafin Damagaram

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, kuma ina haɗa bidiyon bukukuwan aure da na suna domin in riƙa samun na kashewa. Kwamfutata ThinkPad T430 ce da na saya ta hannu, furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, i5-3320M, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar aikin da ake cikin yi, giga 4, kuma har yanzu tsohon diski mai juyawa ne a cikinta. Idan na gama haɗa bidiyo, fitar da shi yana cinye mini lokaci mai yawa, masu biki kuma ba sa son jira. Wani mai gyara ya ce zai sa a kawo mini furosesa i7-3840QM daga Kano ya sa mini, abokina kuma ya ce bayan haka ana iya tilasta mata gudu fiye da wanda kamfani ya ƙayyade, abin da suke kira obakulok. Shin haka za ta yiwu, kuma kuɗina ba za su salwanta ba?

Ɗalibi, daga unguwar Birni

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Canza furosesa zai yiwu a kwamfutarka, amma wadda aka yi maka tayinta ba ita zan zaɓa maka ba, maganar obakulok kuwa ina roƙonka ka ajiye ta gaba ɗaya.

Ka yi sa'a da irin na'urar da ke hannunka. T430 ta fito ne a 2012, a zamanin da furosesar kwamfutar hannu ke zama a cikin gurbi mai ramuka 988, wanda ake kira rPGA988B, ana ɗaure ta da kusa guda ana kuma kwance ta da ita. Ƙarni na biyu na furosesocin Core na kamfanin Intel, na 2011, da ƙarni na uku na 2012, wannan gurbin suke shiga, ƙarni na huɗu na 2013 kuma yana da nasa gurbin dabam. Daga ƙarni na biyar aka rufe wannan ƙofa, aka koma liƙe furosesa da dalma a jikin babban fallen da komai na kwamfutar ke manne a kansa. Saboda haka mai gyaran bai yi maka ƙarya ba: i7-3840QM za ta zauna daram a gurbin, kwamfutar kuma za ta tashi.

Matsalar tana cikin wata lamba da masu sayarwa ba su cika ambatonta ba, wato yawan zafin da aka tsara furosesa za ta fitar, wanda ake aunawa da wat. Taka ta yanzu wat 35 ce, kuma bututun jan ƙarfe da fankar da ke cikin kwamfutarka an yi su ne daidai da wannan nauyi. Ita i7-3840QM wat 45 ce. A takarda tana da kyau ƙwarai, domin ƙwayoyin aikinta, wato sassan da ke raba aiki a tsakaninsu, huɗu ne a maimakon biyu, tana farawa daga gigahaz 2.8 tana haurawa har 3.8, amma ba ta kaiwa wannan gudun ta zauna a kansa sai idan ana kwashe mata zafi da sauri. Furosesocin wannan ƙarni suna da iyaka a digiri 105, kuma da zarar sun kusanto ta sai su rage gudu da kansu domin kada su ƙone. Abin da zai faru shi ne ka biya kuɗin gudu 3.8, bayan ƴan mintoci da fara fitar da bidiyo ta sauko ƙasa da abin da ka biya, fanka tana kuka, gefen hagu na kwamfutar yana huro iska mai ƙuna.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne batun garin da muke zaune. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi; iskar ɗaki take ja ta bi da ita ta kan jan ƙarfe, saboda haka duk digirin da ya ƙaru a ɗakin yana ƙaruwa a kan furosesa. Mu ƙaddara wani a Turai ya rubuta a intanet cewa ya sa wannan furosesar a irin kwamfutarka, tana aiki a digiri 88, ɗakinsa kuma yana kan digiri 22. Ka kawo wannan na'urar ɗaki mai rufin kwano a Birni ko Zango a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40, ka ƙara tazarar digiri 18 ɗin nan a kan 88, za ka ga lissafin ya tsallake 105. Mutumin bai yi ƙarya ba, shaidarsa ce ba ta shafe mu ba. Ga kuma ƙurar hunturu da ke taruwa tsakanin fanka da ƴan siraran haƙoran jan ƙarfen da iska ke fita ta cikinsu, har ta zama dunƙule kamar auduga, wanda duk mai buɗe kwamfutoci a garin nan ya saba ciro shi da tsinke.

Wadda ta dace da kai ita ce i7-3632QM, ko ƙanwarta i7-3612QM. Dukansu ƙwaya huɗu gare su, dukansu wat 35 ne, wato nauyin da sanyayar kwamfutarka ta saba ɗauka. Ta farkon tana gudu daga gigahaz 2.2 zuwa 3.2. A aikin da ke sa ƙwayoyin duka su yi aiki tare, kamar fitar da bidiyo, za ka samu abin da ya kusa ninkin wanda kake samu yanzu. A buɗe intanet ko rubutu kuwa kada ka sa ran ganin bambanci, tun da i5 ɗinka ma tana kaiwa 3.3 idan ƙwaya ɗaya ke aiki. Ka lura cewa waɗannan biyun suna zuwa iri biyu, mai ƙafafu da ke shiga gurbi da kuma wadda ake liƙewa da dalma, don haka ka ce a turo maka hoton ƙasanta kafin kuɗi su bar hannunka. Idan ta iso, ka duba ƙafafun a cikin haske, kada a samu wadda ta lanƙwashe, sannan bayan an sa ta ka buɗe manhajar CPU-Z ka karanta sunanta. Idan ka ga haruffan ES, samfurin gwaji ne da ba a yi shi don kasuwa ba, ka mayar. Wannan sharaɗin mayarwa a yi shi da baki tun kafin ciniki ya faɗa, a gaban shaida.

Game da aikin sa ta, kamfanin Lenovo yana da littafin gyara na wannan samfurin da ake saukewa kyauta, kuma ya kamata ya kasance a buɗe a waya ko da mai gyara ne zai yi aikin. A sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, tun tsohuwar furosesa tana ciki, a yi hakan da cikakken batir da caja a jone, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya kashe na'ura. Daga nan a cire caja da batir, a cire allon maɓallai da murfin sama, a kwance kusoshin da ke danne jan ƙarfen a kan furosesa kaɗan-kaɗan, ana bin lambobin da aka rubuta a gefensu. Kusar gurbin rabin juyi kawai take buƙata, sai furosesa ta saku. Sabuwar tana da ɗan alama mai kusurwa uku, ruwan zinariya, a lungu ɗaya, wanda za a daidaita da alamar gurbin. Idan an daidaita, da nauyinta take faɗawa, idan kuwa sai an danna to an saɓa, a ɗaga a sake dubawa. Samanta tsirara yake, ba shi da murfin ƙarfe irin na furosesar kwamfutar tebur, kuma ɗaure kusa ɗaya tamau kafin sauran yana iya ɓantare gefensa. A goge tsohon man sanyaya da ya bushe tsakanin furosesa da jan ƙarfe da ɗan tsumma da sinadarin alkol, a sa sabo gwargwadon ƙwayar shinkafa, a shimfiɗa shi siriri. Man goge baki da wasu ke shafawa idan na ainihi ya yanke yana bushewa cikin ɗan lokaci, kada ka yarda a sa maka shi. Idan a hunturu ake aikin, lokacin da iska ta bushe har tufafi ke tartsatsi, mai aikin ya riƙa taɓa ƙarfe kafin ya taɓa kayan ciki, kuma kada a shimfiɗa su a kan bargo ko kafet. Ka nemi caja ta ainihi mai wat 90, musamman idan batirinka ya gaji, domin waɗannan kwamfutoci suna rage wa furosesa gudu idan ƙaramar caja mai wat 65 ce kaɗai ke ciyar da su.

Shi obakulok, yawancin furosesocin kwamfutar hannu a kulle suke, ba a iya ƙara musu gudu. Waɗanda aka bari a buɗe a wancan zamani su ne masu ƙarewa da XM, irin su i7-3920XM da i7-3940XM, masu wat 55, kuma an yi su ne don manyan kwamfutoci masu kauri da fanka mai ƙarfi. Ita 3840QM tana da ɗan sarari na megahaz 400, amma BIOS ɗin kwamfutarka ba ya ba da wannan dama sai an yi masa kutse an sauya shi, aikin da idan ya karkace na'urar ba za ta sake tashi ba sai an kai ta wurin mai kayan rubuta guntun BIOS. Ko da an yi nasara, lissafin ba ya goyon bayan abokinka. Ƙarin gudu yana jawo ƙarin bolt, wato ƙarfin wutar da ake ba furosesa, zafi kuma yana ƙaruwa da gudun sau ɗaya, da bolt ɗin sau biyu. Idan aka ƙara gudu da kashi 10 cikin ɗari, bolt ma ya hau da kashi 10, zafin da ke fita yana ƙaruwa da kusan kashi 33. Na'urar da tun farko take gab da iyakarta ba ta da inda za ta zuba wannan ƙari, sai ta ƙara rage gudu, kuma ƙananan kayan da ke rarraba wa furosesa wuta a kan babban falle su ne ke shan wahalar. Garin neman ƙiba ake samo rama, kai kuma da wannan kwamfutar kake cin abinci.

A watannin bazara ma akasin haka nake ba masu irin sana'arka shawara. A cikin saitin wuta na Windows, idan aka mayar da iyakar aikin furosesa daga kashi 100 zuwa 99, haurawar da take yi sama da gudunta na asali tana tsayawa, zafi ya sauka sosai, aikin ya tafi a miƙe ba tare da tsayawa ba. Ka sa manhajar HWiNFO ka riƙa kallon digirin yayin fitar da bidiyo, ka ɗaga bayan kwamfutar daga tebur domin iska ta shiga ta ƙasa, manyan ayyuka kuma ka bar su sai dare ko bayan asuba.

Kafin duk wannan, ka fara da abin da ya fi araha. Giga 4 ya yi wa haɗa bidiyo kaɗan. T430 tana da gurbin RAM biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a ƙarƙashin allon maɓallai, kuma tana ɗaukar har giga 16 na DDR3. Sauya diski mai juyawa da SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, shi ne canjin da za ka ji a jikinka tun ranar farko. Ka kuma duba ko manhajar da kake aiki da ita tana amfani da Quick Sync, wani sashe da ke cikin furosesarka ta yanzu wanda aka yi shi musamman don matse bidiyo da sauri. Ka yi waɗannan, ka share fanka, ka sabunta man sanyaya, sannan ka auna. Idan har fitar da bidiyo bai gamsar da kai ba, sai ka nemi 3632QM. Ka riƙe a ranka cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance sai daga ƙarni na takwas, don haka kada jikkunan da za ka zuba a na'urar 2012 su kusanci kuɗin wata ta hannu da ta fi ta sabunta.

TAMBAYA: Malam, kwamfutata tana da i5-6200U, ina aikin buga takardu da lissafin shago da ita. An ce mini ana iya ciro ta da iska mai zafi a liƙa i7. In yarda?

Wata baiwar Allah, daga Sabon Gari

AMSA: Hajiya, kada ki yarda. Duk furosesar da sunanta ya ƙare da U liƙe take da ɗaruruwan ƙananan ɗigon dalma a ƙarƙashinta, kuma ciro ta da mayar da wata yana buƙatar inji na musamman da hannun da ya ƙware. Da bindigar iska mai zafi ta gyaran waya, babban fallen yakan lanƙwashe ko ya ƙone. Ko da aikin ya yi kyau, i7 ta wannan rukunin, kamar 6500U, ita ma ƙwaya biyu ce mai wat 15, bambancinsu ɗan kaɗan ne da ba za ki lura da shi a buga takarda ba. Ki sa SSD, ki kai RAM giga 8, ya ishe ki.

TAMBAYA: Na cire furosesar Celeron daga kwamfutar wani mai kawo mini gyara na sa i5-3210M. Tana tashi lafiya, ba ta zafi, amma kullum sai ta mutu da kanta bayan rabin awa. Mene ne laifin?

Mai gyara, daga Kasuwar Dole

AMSA: Maigida, hannunka bai yi kuskure ba, kuma ba zafi ba ne. Ka buɗe CPU-Z ka duba guntun da ke kula da babban falle. Alamu sun nuna HM70 za ka gani. An yi shi ne don Celeron da Pentium kaɗai, kuma idan ya ga furosesar Core a gurbin yana kashe kwamfutar bayan minti 30 cif. Waɗanda ke karɓar i3 da i5 da i7 na wannan ƙarni su ne irin su HM76 da HM77 da QM77. Ka cire i5 ɗin ka ajiye ta don wata na'urar, shi kuma mai kwamfutar ka nema masa Pentium 2020M ko 2030M, waɗanda HM70 ke karɓa kuma sun fi Celeron ɗinsa ƙarfi, ka mayar masa da ragowar kuɗinsa.