Hukuncin Abincin Da Ƙananan Ƙudaje Suka Faɗa Ciki Da Hanyoyin Kashe Su

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da gidan sayar da abinci, kuma wasu ƙananan ƙudaje sun addabi ɗakin girkina, suna taruwa a kan kayan marmari da bakin magudanar ruwa, wani lokaci har su faɗa cikin abin sha. Shin abin da suka faɗa ciki ya zama najasa? Ya halatta in sayar da shi? Kuma mene ne hukuncin kashe su da maganin feshi ko da na'urar lantarki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, abinci ko abin sha ba ya zama najasa don ƙuda ya faɗa ciki, ko da ya mutu. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya umarci wanda ƙuda ya faɗa masa cikin abin sha da ya nutsar da shi sannan ya cire shi, kuma da mutuwarsa tana gurɓata abin sha da bai yi umarni da abin da zai iya kashe shi ba. Daga nan jumhurun malamai suka fitar da ƙa'ida cewa mushen duk halittar da ba ta da jini mai gudana tsarkakakke ne, kuma da wannan Shehu Khalil ya buɗe lissafin abubuwa masu tsarki a Mukhtasar. Malaman Malikiyya sun ƙara bayani cewa idan ana iya bambance ƙwaron sai a cire shi a ci abincin, idan kuwa ya narke ya cakuɗe, sai a duba rinjaye: in abincin ne ya fi yawa a ci, in ba haka ba a zubar.

Sai dai tsarki daban, cutarwa daban, kuma a nan ne masu sana'a da yawa suke kuskure. Hadisin yana magana ne a kan mutum da ƙoƙonsa, bai ba wa mai ciyar da jama'a izinin barin ɗakin girki ya zama matattarar ƙwari ba. Waɗannan ƙudaje, waɗanda tsawonsu yake kusan milimita 3, suna tashi daga shara da kwata su sauka a kan abin da aka gama dafawa, kuma bincike ya tabbatar da cewa suna iya ɗauko ƙwayoyin cuta irin su salmonela a jikinsu. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Muslim kuma ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa hannunsa cikin tsibin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Saboda haka, ƙuda ɗaya ko biyu da aka tsame nan take ba su hana ciniki, amma abin shan da ya kwana a buɗe suka yi dandazo a kansa, ko kayan marmarin da tsutsa ta fara motsi a cikinsu, haramun ne ki tace ko ki markaɗa ki sayar kina ɓoye aibin, domin kin san da mai saye ya gani da idonsa ba zai biya ba.

Kashe su halas ne, domin shari'a ta ba da izinin kawar da duk mai cutarwa. Na'urar lantarki ma babu laifi a kanta a zance mafi ƙarfi, kuma Shehu Ibn Usaimin yana cikin waɗanda suka halatta ta, saboda lantarki ne yake kashe ƙwaron ba wuta mai ci ba. A ajiye ta nesa da inda ake haɗa abinci, don kada ɓarɓashin ƙwari ya zubo.

Maganin feshi shi ne abin da na fi jin tsoro. Asalinsa halas ne, amma da sharaɗin ya kasance wanda hukuma ta amince a yi amfani da shi a wurin abinci, a bi abin da aka rubuta a jikinsa, a kwashe abinci da kwanuka kafin a fesa, a buɗe tagogi, a wanke tebura kafin a koma aiki. Fesa maganin gona a ɗakin girki, ko yayyafa shi kusa da abin da mutane za su ci, haramun ne ko da ƙudajen sun mutu ƙurmus, domin ba a gusar da ƙaramar cuta da babba, kuma wanda ya yi haka da ganganci ko sakaci har wani ya cutu, alhakin yana wuyansa.

Ki kuma sani cewa feshi manya kawai yake kashewa. Mace ɗaya tana zuba ɗaruruwan ƙwai a kan abin da ya fara ruɓa, kuma a lokacin zafi ƙwan yakan zama ƙuda cikin kwana 8 zuwa 10. Ki duba ƙarƙashin firiji, da jiƙaƙƙen tsumma, da ruwan da yake kwantawa a gindin kwandon shara, sannan ki sa buroshi ki kankare yauƙin da ya manne a cikin bututun magudana, domin zuba ruwan zafi kaɗai ba ya ciro shi. Ɗan ruwan khal (wato vinegar) a kofi da ɗigon sabulun wanke-wanke yana kama waɗanda suka rage. Rufe kwanuka kuwa umarni ne na Annabi (SAW) a hadisin Jabir (RA) da Muslim ya ruwaito. Idan kin yi waɗannan na mako biyu ba su ragu ba, ki kira ƙwararren mai feshi mai lasisi, ki rufe wurin a ranar da zai yi aiki.

Allah ne Mafi sani.