Hukuncin asusun haɗaka a shafin shirya tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shafin intanet da abokai ke haɗuwa su shirya tafiya tare, kamar zuwa Yankari ko umara. Ina son ƙara masa abubuwa uku: asusu guda da kowa zai zuba daidai a ci a sha daga ciki, tara ga wanda ya yi jinkirin cika nasa, da taswirar da ke nuna inda ayari yake. Kuɗin sukan yi wata biyu a hannuna, nakan ɗan juya su kafin ranar tafiya. Wani ɗalibi ya ce mini asusun riba ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Abin da aka tsorata ka da shi halal ne, matsalar tana cikin maganar da ka faɗa a wuce.

Hujjar ɗalibin ita ce kowa ya zuba daidai amma ciki ba ɗaya ba, wani ya cinye malmala uku wani ɗaya ta ishe shi, don haka akwai fifiko irin na riba da garari, wato rashin tabbas a ciniki. Kuskurensa shi ne ya ɗauki abin a matsayin ciniki. Ba wanda ya sayar wa wani tuwo a nan. Matafiya ne suka haɗa guzuri bisa yafe wa juna, abin da Larabawa ke kira nahdu, kuma Imamul Buhari ya ƙulla masa babi, ya ce Musulmi ba su ga laifi ba a ce wannan ya ci wani abu, wancan ma ya ci wani abu. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa, ƙabilar sahabi Abu Musal Ash'ari, saboda idan guzuri ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi guda su raba daidai, ya ce su daga gare shi suke, shi ma daga gare su yake. Abu Ubaida ya yi haka da rundunar mutum 300 a gaɓar teku, har rabo ya koma dabino ɗaiɗai. Su ko zubin ma ba daidai suka yi ba. Da fifikon yana ɓata abin, da an hana su. Wanda ya haramta wannan, sai ya haramta wa 'yan'uwa cin kwano ɗaya.

Tarar jinkiri kuwa, cire ta. Ka sa ranar rufewa, wanda bai cika ba a mayar masa da nasa. Idan an riga an kama masa ɗaki ko kujerar mota da yardarsa, wannan yana wuyansa.

Sai juya kuɗin. Amana ce a hannunka, kai wakili ne. Daga ranar da ka sa su a harkarka sun zama bashi a kanka, ko ɓarawo ya ɗauke sai ka biya, ga kuma laifin taɓa kayan mutane ba izini. Ka buɗe musu asusu daban wanda ba ya kawo ruwa, ka yanka ladan aikinka a fili kowa ya gani tun kafin ya zuba. Abin da ka juya a baya ka sanar da masu shi, ka nemi yafiyarsu.

Taswirar ba laifi, amma kada kowa ya gan ta sai 'yan ayari da iyalinsu. Ka san halin hanyoyinmu. Ba a manta harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 ba. Kada shafinka ya zama ɗan leƙen asirin masu garkuwa da mutane.

Ba ka tambaya ba, amma ina jin tsoron shafin ya koma wurin haɗa saurayi da budurwa da sunan yawon buɗe ido. Ka raba ayarin maza da na iyali, mace ta shiga da muharraminta. Kowane ayari ya naɗa shugaba kamar yadda sunna ta koyar, a kuma sa lokutan salla cikin jadawalin tafiya.

Allah ne mafi sani.