Nijar ta yi wa kilishi rajista, to ina makomar nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sana'ar kilishi ne a Kano, kuma gadonta na yi. Shekara huɗu ke nan da na fara zuba shi a leda mai tambari ina aikawa Abuja da Legas, akwai kuma ƙanena da yake kai mini Garwa da Injamena. Na ji an ce Nijar ta yi wa kilishi rajista ya zama nata. Shin za a hana mu amfani da sunan ke nan? Sannan ina so in yi wa "Kilishin Kano" rajista da sunana kafin wani ya riga ni, don na ga leda iri uku a kasuwa da wannan suna, ɗaya ma a Kaduna ake yin ta. Ina zan nufa, kuma abin ya kai in zuba kuɗi a ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Ka kwantar da hankalinka, ba wanda zai zo Agadasawa ya hana ka kiran kilishi da sunansa. Amma buƙatarka ta biyu, wato ka mallaki "Kilishin Kano" kai kaɗai, ita kam ba za ta yiwu ba, kuma idan wani wakili ya ce ka kawo kuɗi zai yi maka, riƙe kuɗinka. Bari in warware maka abin daga tushe.

Abin da Nijar ta samu shi ne rajistar sunan asalin kaya, wadda masu Faransanci suke taƙaitawa da IGP. Ma'anarta, idan wani kaya ya yi suna saboda ƙasar da yake fitowa, ko don irin turɓayar wurin da iskarsa, ko don gwanintar mutanensa, to doka tana iya keɓe wannan suna ga mutanen wurin. Ruwan inabin Shamfen na Faransa shi ne misalin da aka fi bayarwa, sai ganyen shayin Darjilin, wanda shi ne kaya na farko da Indiya ta yi wa irin wannan rajista a 2004. Sunan da aka rubuta wa maƙwabtanmu shi ne "Kilichi du Niger", wato kilishin Nijar, tare da albasar Galmi. Hukumar da ta ba da takardar ita ce OAPI, mai yi wa sunaye da tambura rajista a wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma ƙasashe 17 ne a cikinta. Nijar, Cadi, Kamaru, Benin, Togo, Mali, Senegal duk suna ciki. Najeriya ba ta ciki, Gana ma haka. Irin wannan kariya kuwa tana aiki ne a inda aka yi mata rajista. Saboda haka takardar ba ta da iko a kan ledarka a Kano ko Legas. Inda ta shafe ka shi ne kayan da ƙanenka yake tsallakawa da su, kuma zan dawo kan wannan.

Dalilin da ya sa Nijar ta tashi tsaye ya isa darasi. Galmi gari ne a jihar Tawa, a kan hanyar Birnin Konni zuwa Madawa. Duk wanda ya bi ta nan lokacin kakar albasa ya ga buhuna jere a bakin titi, an cika su har sun yi tozo, manyan motoci suna lodi zuwa Abijan da Akara da Kwatano. Albasar tana da launin shuni-shuni, ga yaji, ga jure ajiya a rudu, kuma matan Abijan da sunanta suke tambayarta. To, shekarun baya wani kamfanin sayar da iri na Senegal ya nemi a rubuta masa irin wannan albasa a OAPI da sunan "Violet de Galmi". Da manoman Nijar da gwamnati suka ji, sai suka yi ca, har kamfanin ya janye daga sunan. Ka ga da sun yi barci, da wata rana manomin Galmi ya wayi gari sunan garinsu yana hannun wani. Mu ma an taɓa yi mana irinta tun zamanin fatauci. Fatar jar akuyar Sakkwato ake jemewa a ɗora wa raƙuma su keta Sahara, ta isa Turai ta tashoshin arewacin Afirka, sai Turawa suka raɗa mata suna fatar Maroko, kuma har yau da wannan suna masu ɗinkin bangon littafi suka san ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu ga inda lissafinka ya karkace, Alhaji. Kana kallon sunan gari kamar fili ne da wanda ya riga zuwa zai kafa turke ya zagaye. Ba haka doka take ɗaukarsa ba. Sunan asalin kaya na jama'a ne, ba a sayar da shi, ba a gadar wa ɗa shi kaɗai. Ƙungiyar masu sana'ar ce take nema, kuma duk mai yin kayan a cikin yankin da aka shata, muddin ya bi ƙa'ida, yana da haƙƙin amfani da sunan, ko da kuwa abokin hamayyarka ne da ba ku ga maciji. Ita ma dokar tambarin kasuwanci ta Najeriya, wadda aka yi tun 1965, ba ta yarda mutum ya keɓe sunan gari zalla ko kalmar da take bayyana kayan kanta. "Kilishi" sunan kayan ne, "Kano" sunan gari ne. Ko an karɓi ledarka gaba ɗaya da zanenta, ba za a ba ka ikon hana wasu waɗannan kalmomi biyu ba.

Wani zai ce to mu haɗu mu nemi irin ta Nijar mana. A nan ne gizo ke saƙar, domin Najeriya ba ta da doka ta musamman a kan sunan asalin kaya. Gana ta yi tata tun 2003. Mu kuwa daftari aka tsara, ana ta tarurruka a kansa, alhali ga doyar Binuwai, ga garin Ijebu, ga albasar Aliero, ga rinin Ƙofar Mata, duk suna zaune ba rumfa. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce abin da dokar ta 1965 ta tanada a sashe na 43, wato tambarin shaida. Wata ƙungiya ko hukuma ce take riƙe tambarin, ta rubuta sharuɗɗa ta ajiye a ofishin rajista, sannan ta ba duk wanda ya cika sharuɗɗan izinin manna shi a kayansa. Akwai sharaɗi guda da mutane suke mantawa: mai riƙe da tambarin shaida ba ya sayar da kayan da yake shaidawa. Alƙali ba ya zama mai ƙara. Wato kamfaninka ba zai riƙe shi ba, sai dai ƙungiya mai zaman kanta.

Takardar kuwa ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana wajen zama a rubuta mene ne kilishin Kano. Ka ɗauka an tara ku ashirin a zauren Sarkin Fawa. Wane nama? Cinyar sa kaɗai, ko an yarda da na raƙumi? Kaurin yanka fa? Awa nawa zai yi a rana kafin a tsoma shi a labu, kuma nawa bayan an tsoma? Tunkuza za a dama ko ƙuli-ƙuli za a daka? Citta da kanumfari da masoro kowa ya yarda, to wanda yake zuba kalar roba don ya yi ja fa, da wanda yake cika sukari don bakin 'yan Legas? Wanda ya koma busarwa da injin lokacin damina, nasa ya shiga ko bai shiga ba? Sannan iyaka: cikin ganuwa, ko duk jihar? Mutumin Wudil fa? A nan za ka ga dattawa sun tashi suna kaɗa riga, domin kowa yana ganin sirrin gidansu ake son a baje a faifai. Ba a buƙatar kowa ya tona haɗin yajinsa, abin da ake rubutawa shi ne mafi ƙarancin da ba a sauka ƙasa da shi. Amma sai an yi wannan zama, kuma sai an samu mutanen da za su riƙa zagayawa suna dubawa, waɗanda za su iya ce wa ɗan Sarkin Fawa kansa wannan bai bushe ba, ba za a manna masa tambari ba.

Na taɓa sayen leda biyu a wata tasha zan kai tsaraba. Leda mai kyau, da hoton ganuwa da komai. Kwana biyar na buɗe ɗaya a gaban surukina, sai ga farin fumfuna ya bi gefen naman kamar an barbaɗa gari. An kwashe shi ne da sauran danshi don nauyi, aka rufe. Surukin nawa bai tambayi sunan mai yi ba, cewa ya yi, "A'a, kilishin Kano ya lalace yanzu." Wake ɗaya ke ɓata gari. Da a ce akwai tambarin haɗin gwiwa a jikin ledar nan ba mai sa ido a bayansa, da tambarin ne zai ɗauki zagin.

Ko akwai riba? Akwai, idan an yi aikin. Masoron Penja na Kamaru, wanda ake nomawa a ƙasa mai tokar dutse mai aman wuta, yana cikin kaya uku na farko da OAPI ta yi wa rajista a 2013, tare da farar zumar Oku da gahawar Ziyama-Masanta ta Gini. Bayan rajistar farashinsa ya ɗaga sosai, kuma a 2022 Tarayyar Turai ma ta amince da sunan. Sai dai manoman sun kafa ƙungiya, sun daidaita yadda ake tsinka da wankewa da shanya, kuma da kuɗin ya yi kyau sai masu gauraya shi da masoron waje suka taso, ya zama kullum cikin tsaro suke. Kada kuma ka ɗauka takarda tana buɗe iyaka. Turai ba ta barin matafiyi ya shiga da nama daga ƙasashenmu ko a jakar hannu, wannan batun lafiyar dabbobi ne, babu ruwansa da suna.

Saboda haka ga inda nake ganin ya kamata kuɗinka ya tafi bana. Ka zaɓi suna naka na kanka, wanda ba sunan gari ba ne, ba kuma siffar kaya ba. Laƙabin kakanka da aka san gidanku da shi ya fi duk wani sunan Turanci da mai buga leda zai ƙirƙiro maka. Ka kai shi ofishin rajistar tambari da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, ta hannun lauya ko wakilin da aka amince da shi, a rukuni na 29 inda nama yake. Za a fara bincike ko wani ya riga ka, a karɓa, a buga a mujallar tambura, a jira wata biyu ko akwai mai ja, sannan takarda ta fito. Shekara 7 take yi da farko, daga nan ana sabuntawa duk shekara 14. Kada ka ce ai kana da takardar CAC, wannan sunan kasuwancinka ta rubuta, ba ta kare tambarin da ke jikin kaya. Lambar NAFDAC ma daban take, kuma manyan kantuna ita za su fara tambaya. A ƙarƙashin sunan naka ka rubuta "An yi a Kano" da manyan baƙi. Gaskiya ce, ba mai hana ka.

Shi kuwa mutumin Kaduna, a yau ba ka da sandar dukansa kai kaɗai. Idan rubutun ledarsa yana nuna a Kano aka yi alhali ba haka ba ne, ƙorafi ne na yaudarar mai saye da za a iya kaiwa hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, kuma takardar da ƙungiya ta sa wa hannu ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Wannan ma dalili ne na fara tuntuɓar 'yan'uwanka masu sana'a tun yanzu, ku yi rajistar ƙungiya, ku fara da biyar ko shida da kuka yarda da tsabtar juna. Duk ranar da dokar sunan asalin kaya ta fito, waɗanda suke da ƙungiya da rubutattun sharuɗɗa su za a fara saurara.

Sai batun Garwa da Injamena. Kamaru da Cadi ƙasashen OAPI ne, can takardar Nijar tana da haƙora. Ka duba ledar da ƙanenka yake ɗauka da kyau: kada a sa tutar Nijar ko taswirarta, kada a rubuta Madawa ko Tasawa, kada a ce "irin na Nijar", domin ko wannan lafazin ana iya ɗaukarsa raɓewa da sunan da aka kare. Sunanka, da Kano, da Najeriya su fito ɓaro-ɓaro, kuma ka ja masa kunne kada ya riƙa ce wa masu saye daga Damagaram aka kawo don ciniki ya faɗa. Kafin ka buga sabuwar leda ta can, ka nuna wa wakilin OAPI samfurinta. Idan ka ga kasuwar tana girma, ka yi wa tambarin naka rajista a Yawunde, takarda ɗaya ce take rufe ƙasashen 17 na tsawon shekara 10.